Awon Sukarin Jini a Gida: Abin da Ya Kamata Manomin Kura da Bunkure Ya Sani

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma jawo ruwanta ta manyan magudanai zuwa filayen Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, rayuwar mutanen wannan yanki ta sake kama. Inda da ake jiran damina kaɗai, sai ga noman rani ya kankama: alkama, tumatir, albasa, masara, sannan uwa-uba shinkafa, wadda a yau ta sa aka san sunan Kura a kasuwannin hatsi na ƙasar nan. Shinkafar da kakanninmu suke gani sai ranar salla ko biki ta zama cimar yau da kullum. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙafa, injin ya karɓi aikin turmi. A irin wannan sauyi ne ciwon sukari yake samun gindin zama, kuma ba birni kaɗai ya tsaya ba.

Binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya a 1992 ya nuna cewa kashi 2.2 cikin ɗari na manya suna da wannan ciwo. A 2018, Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, suka sami kashi 5.77 cikin ɗari, yankinmu na Arewa maso Yamma kuwa kashi 3. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su ma san suna da shi ba. Waɗanda suka sani kuwa, da yawansu yanzu sun mallaki 'yar na'urar nan ta awon sukari, wadda ba ta fi akwatin ashana biyu girma ba. Wani ɗansa ne ya sayo masa a Sabon Gari, wani tsarabar Makka aka yi masa da ita. Wannan ci gaba ne, babu shakka. Amma na'urar tana da sharuɗɗanta, kuma waɗanda suka ƙera ta ba su ƙera ta da manomin rani a zuciyarsu ba. Lambar da take nunawa tana iya zama gaskiya, tana kuma iya zama ƙarya tsagwaronta, ga shi kuwa a kan wannan lamba ne mutum zai yanke shawarar ƙara allura ko shan sukari.

Yadda na'urar take aiki

Sukarin da ake magana a kai shi ne wanda masana kimiyya suke kira gulukos, wato makamashin da kowace ƙwayar halitta ta jiki take ƙonawa. Tuwo, shinkafa, doya, burodi, duk a ƙarshe gulukos suke komawa cikin hanji, daga nan su shiga jini. Sinadarin insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi mai suna fankiriyas take fitarwa, shi yake buɗe masa ƙofar shiga tsoka da hanta. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai gulukos ya taru a jini.

Mutanen da sun gane ciwon ne ta ganin tururuwa tana taruwa inda majinyaci ya yi fitsari. Wannan lura ce mai kyau, sai dai tana zuwa a makare, domin ƙoda ba ta fara zubar da sukari cikin fitsari sai ya haura kimanin 180 a jini. Kuma fitsari ba ya taɓa gaya wa mutum cewa sukarinsa ya yi ƙasa, alhali faɗuwar sukari ita ce take kisa cikin gaggawa. Sai a 1965 wani kamfani na Amurka mai suna Ames ya fito da 'yar takarda da take canza launi in an ɗiga mata jini, a 1970 kuma aka sami na'urar farko da take karanta wannan launi.

Na'urorin yau galibi ba da launi suke aiki ba. A bakin ɗan tsinken nan da ake cusawa cikin na'ura, wanda za mu riƙa kira tsinken awo, an shafa wani sinadari na halitta, irin wanda ake kira enzayim. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su daga wata irin fumfuna ake samo shi. Aikinsa shi ne ya kama gulukos ya sarrafa shi, kuma a cikin wannan sarrafawa ana samun 'yar wutar lantarki ƙanƙanuwa. Na'urar tana auna ƙarfin wannan wuta ne, ta mayar da shi lamba. Sai mai karatu ya riƙe abu biyu a nan. Na farko, tsinken awo ba roba ba ce kawai, akwai abu mai laushi a jikinsa wanda zafi da laima suke lalatawa, kamar yadda suke lalata yis ɗin mai burodi. Na biyu, enzayim ba shi da wayo. Duk gulukos ɗin da ya tarar cikin ɗigon jini zai ƙirga, ko daga jijiya ya fito, ko daga fatar yatsa.

Hannun manomi

Bari mu yi ɗan lissafi. Babban mutum yana da jini kimanin lita biyar. Idan lafiyarsa ƙalau, duk gulukos ɗin da yake yawo cikin wannan jini bai wuce giram huɗu zuwa biyar ba, wato cikin ƙaramin cokalin shayi. Ɗigon da tsinken awo yake zuƙa kuwa bai kai kan allura da ɗan kai girma ba, kuma gulukos ɗin da ke cikinsa kimanin kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ke nan idan wani ɗan ɓurɓushin gulukos mai wannan nauyi, wanda ido ba ya gani, harshe ba ya ji, ya maƙale a yatsa ya narke cikin ɗigon, lambar ta ninka. Mai 100 sai ya ga 200.

To, me hannun mutumin Kadawa yake taɓawa daga safe zuwa yamma? Ya tsinki tumatir, ya loda kwanduna zuwa Kwanar Gafan, ya yanka albasa, ya fasa kankana, ya sha mangwaro. Duk waɗannan akwai gulukos a ruwansu. Dabino da zuma kuwa sun fi su duka, ga danƙo.

Ba zato ba ne wannan. A 2011 wasu likitoci a Japan sun sa lafiyayyun mutane su ɓare lemo da inabi, sannan aka auna su ba tare da sun wanke hannu ba, sai lambobin suka yi sama kamar na masu ciwon sukari. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, goge yatsa da audugar sifirit bai magance matsalar ba, ko da an maimaita. Wankewa da ruwa shi ya dawo da lambar daidai. A shekarar dai, wani bincike a ƙasar Holan kan majinyata 123 ya gano cewa bayan taɓa 'ya'yan itace, ɗigon farko ya ba da lamba mai kuskuren aƙalla kashi goma cikin ɗari a wajen mutum 88 cikin kowane ɗari. Da aka goge ɗigon farko aka auna na biyu, sai adadin ya sauko zuwa 11.

Saboda haka ƙa'idar ita ce ruwa da sabulu, sannan a tsane hannu ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen yatsa yana tsarma jini, lambar ta yi ƙasa da gaskiya. Wanda yake gona babu ruwa mai tsabta a kusa, sai ya goge ɗigon farko da tsumma mai tsabta ya auna na biyu. Ruwan kanal ba ruwan wanke yatsan da za a huda ba ne, dalilin zai zo nan gaba. A ganina mai yin alwala sau biyar a rana ya riga ya sami lokacin awo mafi dacewa, in dai zai haɗa da sabulu ya kuma bari hannun ya bushe.

Akwai kuma batun kanta. Hannun da ya saba da fartanya da lauje fatarsa ta yi kauri, sai a huda jini ya ƙi fitowa, mutum ya shiga matsar yatsa kamar mai tatsar nagge. Matsa mai tsanani tana fito da ruwan nama ya gauraya da jini, ya ɓata awon. Abin yi shi ne a murɗa alƙalamin hudawa zuwa lamba mafi zurfi, a huda gefen yatsa inda fata ta fi laushi kuma zafi ya fi sauƙi, ba tsakiyarsa ba. Da hunturu kuwa, lokacin da masu alkama suke fita ban ruwa da asuba yatsu sun ƙandare, a fara wanke hannu da ruwa mai ɗumi, a saki hannun ƙasa na ɗan lokaci, jini zai sauko da kansa.

Tsinken awo da zafin bazara

Duk wanda ya duba jikin kwalbar tsinke zai ga an rubuta iyakar zafin da za a ajiye ta, galibi kada ya wuce digiri 30. A ƙasar Kano, cikin watannin Maris, Afrilu da Mayu, zafin rana yakan kai digiri 40 a inuwa, balle cikin ɗaki mai rufin kwano, ko aljihun babur, ko gaban mota. Tsinken da ya yi makonni a irin wannan wuri ba ya canza kama, na'urar ma sau da yawa ba za ta ƙi shi ba. Lamba kawai za ta bayar, mai yawa ko mai ƙaranci, ba kuma wanda zai iya cewa ta wane ɓangare ta karkata. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba. Murfin kwalbar yana ɗauke da abin tsotse laima, shi ya sa ake son a zari tsinke ɗaya a rufe nan take.

Na sha ganin ana sayar da tsinke ɗai-ɗai, a ƙulle cikin leda ko takarda, saboda kwalba guda ta fi ƙarfin aljihun mai saye, musamman bayan faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023. Uzurin a fili yake, amma tsinken da ya kwana a wajen kwalbarsa ya tashi daga aiki. Gara mutum biyu masu na'ura iri ɗaya, in gida ɗaya suke, su haɗa kuɗi su sayi kwalba cikakkiya su riƙa zara daga cikinta. A duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC, a kuma tabbatar tsinken na wannan na'urar ne, domin kowace da irin nata. Wurin ajiya mafi dacewa a ƙauye shi ne ɗakin ƙasa, can ƙasa-ƙasa, nesa da taga da murhu. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana da amfani wajen sanyaya insulin inda babu firiji. Amma wanda zai sa tsinke a ciki, lalle ne ya sa kwalbar cikin wata robar mai murfi da ba ta shan iska, don sanyin da ake nema kada ya zo da laima.

Idan jinin kansa ya yi ƙaranci

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar yankin noman rani, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Ruwan da ya kawo arziki ya kawo baƙi biyu. Sauro yana samun wurin hayayyafa rani da damina a fadamun shinkafa, ga kuma dodon koɗi a cikin magudanai, wanda yake ɗauke da tsutsar tsargiya, mai shiga ta fatar wanda ya tsoma ƙafa ko hannu cikin ruwan. Duk lokacin da muka kai ɗalibai tsintar waɗannan dodanni a gefen kanal, ba ma barin kowa ya taɓa ruwan sai da safar roba. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, tsargiya kuma tana zubar da jini kaɗan-kaɗan ta fitsari ko bayan gida. Ƙarshen duka biyu shi ne ƙarancin jini, kuma mata masu ciki da yara su suka fi shan wahalarsa.

Ina ruwan wannan da na'ura? Jini kashi biyu ne: ƙwayoyi da ruwan da suke iyo a ciki. A jikin lafiyayye ƙwayoyin sukan ɗauki kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari, kuma a kan irin wannan jini aka daidaita na'urar. Idan ƙwayoyin sun ragu, jinin ya tsinke, gulukos yakan isa ga enzayim da sauri fiye da yadda aka tsara, sai lambar ta fi gaskiya yawa. Idan kuma jini ya yi kauri, alal misali ga wanda gudawa ko zafin rana ya ƙone masa ruwan jiki, sai lambar ta yi ƙasa da gaskiya. Na'urori da yawa an yi su ne don jinin da ƙwayoyinsa suke tsakanin kashi 30 da 55. Wasu sababbi suna gyara wannan da kansu, kuma takardar da take cikin kwali tana faɗin iyakar kowace.

Haɗarin a nan shi ne mai ƙarancin jini sukarinsa ya faɗi, na'ura ta ce masa lafiya lau. Ga shi kuma zazzaɓi mai tsanani da kansa yana saukar da sukari, haka ma maganin kwinin. Don haka mai ciwon sukari da ya ga tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, yana haki in ya yi 'yar tafiya, ya je a auna masa yawan jini, ya kuma gaya wa likita cewa da na'urar gida yake awo.

Lamba biyu, jini ɗaya

Ma'auni biyu ake amfani da su a duniya. Ɗaya ana rubuta shi mg/dL, shi Amurka take bi, ɗayan kuma mmol/L, wanda ake bi a Ingila. A Nijeriya duka biyun suna yawo, takardar asibiti ta zo da ɗaya, na'urar gida ta zo da ɗaya. Bambancinsu ninki 18 ne: 126 a na farko shi ne 7 a na biyu, 180 shi ne 10, 70 kuma 3.9. Mutumin da likita ya ce masa kada ya wuce 10 bayan cin abinci, ya koma gida ya ga 140, ba abin tashin hankali ba ne, 7.8 ke nan. Wanda kuma ya saba da manyan lambobi ya ari na'urar maƙwabci ya ga 20, kada ya ruga neman sukari, 360 ke nan. A kusa da lambar, da ƙananan baƙaƙe, na'urar tana rubuta ma'aunin da take bi. Idan ta rubuta HI, sukarin ya wuce iyakar abin da take iya aunawa, galibi 600, wannan kuwa maganar asibiti ce ba tare da jinkiri ba. LO kishiyarsa ce.

Ko da an cika duk sharuɗɗa, na'urar gida ba ta kai awon ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ba. Ƙa'idar duniya ta 2013 da ake gwada waɗannan na'urori da ita ta yarda a sami bambancin da ya kai 15 sama ko ƙasa idan sukari bai kai 100 ba, ko kashi 15 cikin ɗari idan ya kai. Wato mai 200 na haƙiƙa yana iya ganin 170 ko 230, na'urar kuma ba ta yi laifi ba. Saboda haka wanda ya auna yatsa biyu a jere ya ga 150 da 162, ba shi da dalilin jefar da ita. Don haka ne kuma ba a yanke wa mutum hukuncin ciwon sukari da na'urar gida ko ta kyamis. Sai an ɗebi jini ta jijiya, an sami 126 ko fiye kafin karin kumallo, an kuma maimaita. Agogunan hannu da zobban da ake tallar suna auna sukari ba tare da huda ba kuwa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a Fabrairun 2024 cewa ba ta amince da ko ɗaya ba.

Yaushe za a auna

Tunda tsinke yana da tsada, hikimar ita ce kowane ɗaya ya amsa wata tambaya. Yawancin mutanenmu da sassafe kawai suke awo, kullum lokaci ɗaya, alhali sukari yana hawa da sauka cikin yini. Wanda yake da tsinke uku ko huɗu a mako ya fi ƙaruwa in ya riƙa sauya lokaci: yau kafin kalaci, jibi awa biyu bayan abincin rana, gata kafin barci. Ga yawancin manya ana son 80 zuwa 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 bayansa, sai dai likita yakan sassauta wa tsoho, ya tsananta wa mai ciki. Kuma babu malamin da ya kai awo biyu, ɗaya kafin malmalar tuwon shinkafa, ɗaya awa biyu bayanta. Wani makon a gwada da rabin malmala da miyar ganye mai yawa, ko da wake. Abin da mutum ya gani da idonsa a jikinsa ya fi nasihar kowa tasiri. Mai allurar insulin shi kam ba ya cikin wannan rangwame, awonsa na kullum ne.

Manomin da yake shan irin ƙwayar nan mai tilasta wa fankiriyas fitar da insulin, kamar Daonil, sannan ya fita dashen shinkafa bai karya ba, yana cikin haɗarin faɗuwar sukari a tsakiyar gona. Alamunta gumi mai sanyi, rawar jiki, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, da rikicewar magana. Ƙasa da 70 ake kira faɗuwa. Maganinta babban cokali ɗaya na sukari ko zuma nan take, a sake awo bayan minti 15, in bai hau ba a maimaita, sannan a ci abinci. Idan alamun sun bayyana amma na'ura ta ce ba komai, a bi jiki a sha sukarin, a yi binciken na'ura daga baya. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi.

Da azumi ma haka. Jagorar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar tare da likitocin ƙasashen Musulmi da malaman addini ta bayyana cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi, ta kuma ce mai ciwon ya sha ruwa idan sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Sai dai a tuna da dabino: wanda ya raba shi a faranti kafin Magariba, sannan ya huda wannan yatsa, zai iya ganin 300 ɗin da babu ita.

'Yar allurar hudawa da alƙalaminta na mutum ɗaya ne. Ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin kusan mutum takwas cikin kowane ɗari na manyan Nijeriya, tana iya rayuwa cikin busasshen jini har mako guda, kuma ko an sauya allura, bakin alƙalamin yakan riƙe ɗan jini. Mai zuwa awo kyamis yana da haƙƙin ganin an ɓare sabuwar allura a gabansa.

Kowane awo a rubuta shi a ɗan littafi, da boko ko da ajami: rana, lokaci, lamba, da abin da aka ci. Ranar zuwa ganin likita, a Babban Asibitin Kura ne ko a Asibitin Murtala cikin birni, a tafi da littafin, da na'urar, da kwalbar tsinken. Idan za a ɗebi jini ta jijiya kafin karin kumallo, sai mutum ya huda yatsansa a cikin minti biyar na ɗibar, ya rubuta abin da ya gani, ya kwatanta da sakamakon asibiti in ya fito. Idan bambancin ya wuce kashi 15 cikin ɗari, a fara sauya kwalbar tsinke a sake gwadawa kafin a zargi na'urar.